Amsa ga yaron da kwayil ɗin fiyanonsa ke ɗaukar zafi

Yaro, ka tambaye ni abin da ya sa kwayil ɗin solonoyid (naɗaɗɗiyar wayar da ke tura sandar ƙarfe in wuta ta shige ta) da ka jera ƙarƙashin maɓallan fiyano don ya riƙa buga kansa suke zafi, kuma kowane sauti yake fita da ƙarfi ɗaya. Liƙa waya da dalma ba zan koya maka ba, wanda bai iya wannan ba ya koma sharar shago.

Cikakkiyar wuta kake ba kwayil tun daga bugu har saki, nan cutar take. A farko kawai ake son ƙarfi, milisakan 20 zuwa 50, don guduma ta tashi ta bugi tsirkiya. Daga nan ka rage da PWM, wato kunna wuta da kashe ta da sauri-sauri, zuwa kashi 25 ko 30 cikin ɗari, ya isa riƙe maɓalli. Ƙarfin bugun farkon kuwa ka ɗaura shi da lambar ƙarfin bugu da MIDI (tsarin aika saƙon kiɗa tsakanin na'urori) ke aikowa, 1 zuwa 127, kowane maɓalli da awonsa, don gudumomin hagu sun fi nauyi. PWM ya haura kilohaz 20, in ba haka ba kwayil zai riƙa kuka. PCA9685, guntun da ke fitar da PWM da kuke rububi a kansa, iyakarsa wajen haz 1,500.

Sai maganar MOSFET, tiransistar da ke kunna kwayil da kashe shi, wadda har yau take ci mini rai. Wani mai makaranta a nan Katsina na haɗa wa maɓallai 88, kowanne da MOSFET IRLZ44N da dayod 1N5822 da rezista 10k mai janye get (ƙafar da ke kunna MOSFET) zuwa ƙasa. Rabin kuɗi ya biya. Da MOSFET biyu suka mutu, maimakon ya kira ni sai ya samo wani yaro mai araha, irin naku masu koyon aiki a waya. Yaron ya sa IRF540, wai ai duk ƙafa uku ne. Shi kuwa IRF540 bolt 10 yake so a get kafin ya buɗe sosai, Arduino, allon da ke sarrafa su, 5 yake bayarwa. Sai ya tsaya rabi-rabi, ya yi zafi, ya liƙe a buɗe. Da fiyus ya tsinke, yaron ya ɗaure wurin da waya! Kwayil ya yi ta cin wuta har ya kama hayaƙi, ya babbake na kusa da shi da katakon da suke kai. Mutumin ya zo da baki yana cewa aikina ne marar kyau, ya hana cikon kuɗin, alhali da kuɗina na sayo kayan daga Sabon Gari a Kano.

Don haka kowane layi da fiyus nasa, kuma ka rubuta a shirin Arduino cewa kwayil ya mutu da kansa in ya wuce 'yan daƙiƙoƙi a kunne.

Awo kuma ka yi shi bayan kwayil ya ɗumama, don tagulla in ta yi zafi wuta kaɗan take wucewa, a bazarar nan tamu ƙananan bugu sai su ɓace. Kada ka ɗiga mai a sandar solonoyid, ƙurar hunturu za ta kama shi ya zama danƙo.