Idan intanet na da hanyoyi da yawa, me ya sa take yankewa gaba ɗaya?

Tambaya: Malam, ni mai sana'ar POS ne a Kano. Na sha jin ana cewa an gina intanet ta yadda idan hanya ɗaya ta lalace saƙo zai bi wata. To me ya sa a azumin 2024 muka wuni tura kuɗi ba ya tafiya, alhali layi biyu gare ni?

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne, amma da sharaɗi. Intanet tarin kamfanoni ne masu zaman kansu da suka jona layukansu da juna. Ƙarami yana biyan babba ya kai masa saƙo ko'ina a duniya, manya kuma sukan yi musayar saƙo tsakaninsu ba tare da biya ba. Akwai tsarin da ake kira BGP, wanda da shi na'urar kowane kamfani ke sanar da maƙwabtanta adireshin da za a iya kaiwa ta wajenta. Idan layi ya mutu, sai a janye sanarwar, na'urori su zaɓi wata hanya, galibi kafin ka lura.

Sharaɗin shi ne wata hanyar ta kasance da ranta, kuma tana da sararin ɗaukar kaya.

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku da ke kawo intanet Najeriya suka lalace kusan lokaci guda a gaɓar Kwaddibuwa, daura da Abidjan: SAT-3, da WACS, da ACE, da MainOne. Kowace da masu ita, kuma ba shekara ɗaya aka shimfiɗa su ba, don SAT-3 tun 2002 take aiki, MainOne 2010, sauran biyun 2012. A takarda, kamfanin da ya sayi hanya a kan biyu ko uku daga ciki ya yi tanadi. A ƙasan teku kuwa duk yanki ɗaya suka ratsa, kuma ana kyautata zaton zaftarewar ƙasa ce ta haɗa su ta tsinke. Kamar ka raba kayanka a tirela huɗu ne na kamfanoni daban-daban, amma dukkansu gada ɗaya za su haye. Nan ne, a ganina, babban aibin yake: ana ƙirga yawan wayoyi, ba a duba ta inda suka bi.

Wayar Glo-1 da Equiano ta Google, wadda ta iso Legas a 2022, ba su lalace ba, kuma su suka rufa wa Najeriya asiri. Sai dai komawa kansu ba danna maɓalli ba ne. Wanda bai riga ya ƙulla yarjejeniya ya jona layi ba, sai da ya nemi sarari, aka yi ciniki, injiniyoyi suka haɗa. Wanda yake da haɗin ma, idan layin nasa ya saba cika kusan maƙil, ina zai zuba kayan da suka taho daga layin da ya mutu? Shi ya sa wayarka ta nuna sabis cike amma saƙo ya ƙi wucewa. Ana tanadi na gaskiya ne da barin sarari da ake biyan kuɗinsa ba a amfani da shi, kuma wannan kuɗi ne kamfanoni ke ƙyashin kashewa.

Gyara kuma sai jirgin ruwa na musamman ya zo, ya laluɓo wayar, ya jawo ta sama, a ɗinke zaren gilashin da ke cikinta, wanda saƙo ke bi. Irin waɗannan jirage kaɗan ne a nahiyar nan, don haka aikin ya ɗauki makonni.

Game da layukanka biyu: ko da kamfanin layinka ya tsira, bankin da kake tura kuɗi ta cikinsa yana iya dogaro da manhajar da ke ajiye a Turai. Sai kuɗin da za su tashi daga Kantin Kwari zuwa Sabon Gari su jira amsa daga ƙetaren teku. Domin rage irin wannan aka kafa IXPN a 2006, cibiyar da kamfanonin cikin gida ke musayar saƙo kai tsaye, amma ba ta amfanar da abin da tun farko ba a ajiye shi a gida ba. Mu a Arewa muna da ƙarin rauni, don yawancin wayoyin teku a Legas suke sauka, sannan su biyo gefen titi, inda masu aikin hanya ke yawan tsinke su. Nijar da ba ta da teku sai ta bi ta ƙasashen maƙwabta irin su Binin.

Don haka ka ci gaba da riƙe layi biyu, suna maganin matsalar eriya da yankewar waya a cikin gari. Ka ƙara da na'urar POS ta biyu daga wani kamfani da ke aiki da wani banki daban, don wannan ya fi ƙarin layi na uku amfani a rana irin waccan.