Tambayoyinku: Daren Sabuwar Shekara a Faransa Lokacin da Gari Ba Lafiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, wannan ce shekarata ta farko a Faris. Ƙawayena suna so mu je titin Champs-Élysées daren 31 ga Disamba kallon wasan wuta, amma kwanan nan ana ta zanga-zanga, kuma na ji ana ƙone-ƙone a daren. In je ko in haƙura?
Daga wata ɗaliba a Faris

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kina iya zuwa, muddin kin shirya yadda za ki dawo tun kafin ki fita, domin a hanyar komowa aka fi samun matsala. Titin kansa cike yake da 'yan sanda a daren, ana binciken jaka a mashiga, ana kuma hana shiga da kwalba. Rikicin yakan tashi bayan ƙarfe ɗaya, a lungunan da ke kewaye, lokacin da jama'a ke watsewa kuma wasu sun bugu.

An saba buɗe jiragen ƙarƙashin ƙasa da motocin bas kyauta daga ƙarfe 5 na yammacin 31 ga wata zuwa 12 na ranar 1 ga Janairu, wasu layuka kuma suna aiki har asuba. Sai dai tashoshin da ke kan titin, irin su George V da Charles de Gaulle-Étoile, ana rufe su saboda cunkoso. Ki duba shafin RATP, kamfanin sufurin jama'a na Faris, da rana, ki zaɓi tasha mai nisan tafiyar minti 20 a ƙafa, ki rubuta hanyar a takarda. Inda mutane suka yi yawa intanet ɗin waya kan ƙi aiki, sanyi kuma yana saurin shanye batir. Ku tsayar da wurin haɗuwa idan kun rabu, ku tsaya a gefen taro kusa da mafita, ku kama hanya da zarar wasan ya ƙare.

Ki riƙe takardar izinin zamanki ta asali a aljihun ciki, domin doka ta wajabta wa baƙo ya nuna ta in an nema. Idan kika hangi 'yan sanda sun ja layi da garkuwa, ko kika ji ƙaurin barkonon tsohuwa, kada ki tsaya ɗaukar bidiyo. Ki bi ta inda iska ke fitowa, kada ki murza ido, ki wanke da ruwa mai yawa. Ki kuma kula da gyale: tun Afrilun 2019, rufe fuska da gangan a wurin zanga-zangar da ta rikice laifi ne da ke kai wa ga ɗaurin shekara 1 da tarar Yuro 15,000. Hanci da baki ake nufi, ɗankwali ko hijabi bai shiga ciki ba.

In an kama ki, Allah Ya kiyaye, tsarewar farko awa 24 ce, ana iya ƙara wasu 24. Kina da haƙƙin lauya, da tafinta, da likita, da a sanar da wani naki da ofishin jakadancin ƙasarku. Kada ki sa hannu a takardar da ba ki fahimta ba. Ɗan ƙasa da aka kama yakan koma gida ya ci gaba da harkarsa, baƙo kuwa zancen na iya biyo shi ranar sabunta takardu. Lambar 'yan sanda 17, ta motar asibiti 15, ta 'yan kwana-kwana 18, sai 112 da ta haɗa duka.

TAMBAYA: Na sayi mota a Strasbourg, a bakin titi take kwana. Me zan yi?
Daga wani magidanci

AMSA: Malam, ka yi gaskiya da ka damu. A garinku mummunar ɗabi'ar ƙona motoci a daren sabuwar shekara ta yi suna tun shekarun 1990, kuma a daren shiga 2022 ma'aikatar cikin gida ta ƙirga motoci 874 da suka ƙone a faɗin ƙasar. Da yawansu ba su aka nufa ba, wuta ce ta tsallako daga mota ko kwandon shara na kusa. Ka kai ta wurin ajiye motoci mai rufi tun da rana, ka biya kuɗin kwana ɗaya. Ka kuma karanta takardar inshorarka yau: mafi arha, wadda suke kira au tiers, ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, sai in an ƙara mata sashen gobara. In abin ya faru, ka ɗauki hoto, ka shigar da ƙara wurin 'yan sanda, ka sanar da kamfanin inshora cikin kwanakin aiki 5.

TAMBAYA: Mahaifina ya zo ziyara Faris, ina so in zaga da shi ranar 1 ga Janairu. Ina ne a buɗe?
Daga wani ma'aikaci

AMSA: Allah Ya yi albarka. Safiyar ranar gari shiru ne, amma gidan tarihi na Louvre da fadar Versailles duk a rufe suke. Hasumiyar Eiffel tana buɗe, ka sayi tikiti ta intanet don kada dattijo ya daɗe a layi cikin sanyi. Mu dai da za mu ba da shawara, ku fara da Babban Masallacin Faris da aka buɗe a 1926, ku yi Azahar, ku tsallaka lambun Jardin des Plantes da ke daura da shi, sannan ku bi bakin kogin Seine ku ga cocin Notre-Dame, wadda aka sake buɗewa a Disambar 2024 bayan gobarar 2019. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe 5, don haka ku fita da wuri.

Sauran kwanakin, ka sani cewa doka ta ce masu zanga-zanga su sanar da hukuma aƙalla kwana 3 kafin fita, shi ya sa jaridu ke buga hanyar da za su bi. Galibi tsakanin dandalin République da Bastille da Nation ne, kuma an fi yi ranar Asabar da rana. Ka bar waɗannan wuraren zuwa safiyar wata rana, Louvre kuma kada ka sa ta ranar Talata, ba a buɗewa.