Muryar WhatsApp: amsa ga Yaya kan dabbobin Zanzibar

Salamu alaikum, 'yan uwa barkanmu da yamma. Yaya, na ji saƙonki, wai za ku Zanzibar da yara, kina tsoron ko akwai zaki da kura. Ki kwantar da hankalinki, waɗannan sai can cikin Tanzaniya, su Serengeti. Damisa ce ma a da, ita ma an daɗe ba a tabbatar da ganinta ba.

Abin da ba zan so ya wuce ku ba shi ne jan birin dajin Jozani. Duk duniya a Zanzibar kaɗai yake, kuma ƙidayar da aka fitar a 2017 ta ce ba su kai 6,000 ba. Bayansa ja, farin gashi a tsaitsaye kewaye da fuska, kamar tsohon da ya tashi daga barci bai taje kai ba. Ki duba hannunsa da kyau, babu babban yatsa. Ina tsaye wani ya sauko ya ɗauki guntun gawayi a ƙasa, ya hau gurgura kamar goro. Na ce ikon Allah! Mai mana jagora ya ce ganyen da suke ci, irin na mangwaro, yana da dafi, gawayin ne ke kashe masa kaifi. Mutanen wurin kima punju suke ce masa, wato biri mai dafi. Ba sa gudun mutum, amma kar yara su taɓa su ko su miƙa abinci, don murarmu ma tana iya kama su.

Sai kunkuru a tsibirin Changuu, kamar minti 30 a kwale-kwale daga Stone Town, tsohon birnin Zanzibar. A 1919 gwamnan tsibiran Seshel, Baturen Ingila, ya aiko da guda huɗu, suka yi ta hayayyafa. Wani ya kai turmi biyu girma, an rubuta shekarunsa da fenti a bayan ƙoƙon, akwai waɗanda suka haura 100. Kurkuku aka gina a wurin a 1893, sai ya koma wurin killace masu cutar shawara.

To amma Yaya, ni abin da ya ji min ciwo a ƙarƙashin ƙafa yake. A bakin ruwan Paje, da safe ruwa ya janye, na shiga ba takalmi, na taka wata baƙar aba mai ƙaya, kamar bushiya ta dunƙule. Ƙayar ta kakkarye a dunduniyata, ba ta fita da allura, marmashewa take yi. Kwana huɗu ina ɗingishi, sallah ma a zaune. Don Allah ki saya wa kowa takalmin roba mai rufe ƙafa tun daga gida, silifas ba ya yi. Ku kwana cikin gidan sauro kuma, akwai maleriya.

Au, na manta jemagun tsibirin Pemba masu fiffike ya fi mita ɗaya, amma can ba hanyarku ba ce. A gai da Alhaji.