Kafin ka tashi zuwa Jamus: zancen Hitler, Abacha da kuɗin goro

Ƙanenmu, barka da samun gurbin karatu, Allah Ya sa a je a sa'a. Ka ce tun da labari ya bazu, majalisarku ta Ƙofar Sauri ta rabu biyu. Wasu na cewa Jamusawa jinin Hitler ne, ba su ƙaunar baƙar fata. Wasu kuma na cewa ai Hitler namiji ne, Turawa ne suka ɓata masa suna alhali su ma sun tafka abin da ya fi nasa. Kana son sanin wanne ne gaskiya, da abin da za ka ce in aka taso da zancen a aji ko a gidan kwanan ɗalibai. Mu 'yan Katsina da Daura mazauna nan mun zauna a kai, ga abin da muka ga ya kamata ka sani.

Bari mu fara da wanda zai iya kai ka gaban alƙali. Kirarin nan da ake yi wa Hitler a teburin mai shayi, a nan laifi ne rubutacce. Sashe na 130 na kundin hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko tara, ga wanda ya fito fili ya musanta kisan ƙare dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, ko ya yaba shi, ko ya raina girmansa. Sashe na 86a kuma ya hana nuna alamomin ƙungiyoyin da aka haramta, hukuncinsa har shekara 3. Tambarin Nazi yana ciki, ɗaga hannu irin gaisuwarsu yana ciki, ko da wasa ne don a ɗauki hoto. Tutar IS ta shiga jerin tun 2014, Hizbullah tun Afrilun 2020, Hamas tun 2021. Ƙona tutar wata ƙasa a bainar jama'a ma laifi ne tun 2020. Kuma "bainar jama'a" ba titi kaɗai ba ne. Rubutu a Facebook ko TikTok ko X yana ciki, da Hausa ka rubuta ko da Jamusanci, don mai gabatar da ƙara yana da tafinta.

Abin da ya fi cutar ɗalibi ba tarar ba ce, takardun zama ne. Muddin ana bincikenka kan wani laifi, ofishin baƙi yana dakatar da yanke shawara kan sabunta izinin zamanka har a gama shari'ar. In kuma ka yi nisa har kana neman zama ɗan ƙasa, doka tana kau da kai ga ƙananan tara da ba su wuce ta kwana 90 ba (a nan da kwanaki ake lissafa tara), amma ban da laifin da kotu ta ce ƙin Yahudawa ko wariyar launin fata ne ya haifar da shi. Wannan ko tarar kwana 20 ce tana iya rufe maka ƙofa. Tun 27 ga Yunin 2024 kuma, duk mai neman takardar ɗan ƙasa sai ya amince a rubuce da alhakin tarihi da ke kan Jamus game da mulkin Nazi, musamman kare rayuwar Yahudawa.

Sukar gwamnatin Isra'ila kan Gaza ba laifi ba ne, ana yin ta a jaridu da zanga-zangar da aka yi wa rajista. Inda ake faɗawa rami shi ne a bar gwamnati da sojojinta a koma kan "Yahudawa" gaba ɗaya, ko a ce da ma Hitler ya ƙarasa aikinsa. Taken nan na masu goyon bayan Falasɗinu, "daga kogi zuwa teku", kotuna sun saɓa a kansa, ɗalibi mai izinin shekara ɗaya ko biyu bai kamata a gwada doka a kansa ba.

Ga masu yi masa kirari kuma, su sani mutumin bai ɗauke mu mutane ba. Dokokin wariya na 1935 an faɗaɗa su har kan baƙaƙe. A 1937 an yi wa ɗaruruwan yaran yankin Rhine, waɗanda iyayensu maza sojojin Afirka ne, aikin hana haihuwa da ƙarfi. A 1940 sojojinsa sun ware baƙaƙen sojojin Faransa da suka kama, 'yan Afirka ta Yamma, suka harbe su, wuri mafi shahara shi ne Chasselay kusa da Lyon.

To, "jinin Hitler" fa? Duba ƙuri'u. A zaɓen Yulin 1932 jam'iyyarsa ta samu kashi 37, a Nuwamban shekarar ta sauko 33, a Maris 1933, yana kan mulki ana kama 'yan adawa, ta samu kusan 44. Mutane ne masu yawan gaske, kuma miliyoyi sun yi shiru ko sun ci moriyar dukiyar da aka ƙwace, wannan Jamusawan kansu ba su musu. Amma sansanin Dachau da aka buɗe a 1933 Jamusawa 'yan adawa aka fara zubawa a ciki, kuma Sophie Scholl da wanta Hans, ɗalibai a Munich, an fille musu kai ran 22 ga Fabrairun 1943 saboda raba takardun suka. Wanda zai zauna kusa da kai a aji jika ne ko tattaɓa kunne. Tun yana sakandare ake karantar da shi wannan tarihi, yana taka ƙananan farantan tagulla da aka dasa a bakin ƙofofi, kowanne da sunan wanda aka ɗauke daga gidan, sun haura 100,000 a faɗin Turai. Wariya tana nan, kada wani ya ruɗe ka. An kashe mutum 9 a Hanau a Fabrairun 2020 saboda asalinsu, jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ta samu kusan kashi 21 a zaɓen Fabrairun 2025, kuma neman ɗaki da suna irin namu yana da wuya. Sai dai kashi 21 ba kashi 100 ba ne, kuma wannan bambanci shi ne zai sa ka iya zama lafiya da maƙwabcinka.

Zancen munafunci kuwa yana da tushe, amma ka ɗora shi inda ya dace, kan gwamnatoci da abin da suka aikata, da shekara da adadi. Tsakanin 1904 da 1908 sojojin Jamus sun hallaka dubun dubatar 'yan ƙabilun Herero da Nama a Namibiya, bisa umarnin da Janar Lothar von Trotha ya rubuta. Jamus ta Yamma ta sa hannu kan biyan Isra'ila mark biliyan 3 tun 1952, amma sai Mayun 2021 gwamnati ta kira na Namibiya kisan ƙare dangi, ta yi tayin yuro biliyan 1.1 a cikin shekara 30, ta kuma ƙi kiransa diyya, ta ce tallafi ne. Shugabannin Herero da Nama da dama sun yi watsi da shi don ba da su aka yi cinikin ba. A Janairun 2024, da Jamus ta ce za ta mara wa Isra'ila baya a ƙarar da Afirka ta Kudu ta kai kotun duniya kan Gaza, marigayi Shugaba Hage Geingob na Namibiya ya tuna mata da wannan tarihi a fili. Ka faɗi wannan a aji, malami ba zai hana ka ba, wasu ɗalibai Jamusawa ma za su ƙara maka hujja. Na kusa da gida ma akwai. Ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ƙone Birnin Ƙonni a 1899 ya bi ƙauyuka yana kisa har wajejen Tasawa, arewa da mu kaɗan, kuma Ingila ta shafe garin Satiru da ke kusa da Sakkwato a 1906, an kashe kimanin mutum 2,000.

Amma ka shirya, don wanda ka karanta wa wannan zai tambaye ka naku, kuma laifi tudu ne. A Satiru ɗin nan ba Turawa kaɗai suka je ba, da dawakin sarakunanmu. Abacha, wanda har yau wasu ke cewa ajiya ya yi wa ƙasa, a zamaninsa aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum 8 ran 10 ga Nuwamban 1995, kuma a kurkukunsa na Abakaliki Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Katsina, ya rasu a Disamban 1997. Ajiyar da ake faɗa kuwa sai da aka yi shekaru ana shari'a kafin Suwizalan ta saki dala miliyan 321 bisa yarjejeniyar 2017, aka ƙara karɓo fiye da miliyan 300 daga tsibirin Jersey a 2020. Su ma bankunan da suka karɓi kuɗin ba su da bakin wa'azi, amma wannan bai wanke mai kai musu ba. 'Yan Daura da ke cikinmu su ne suka ce a rubuta na gaba: doka ta 4 ta 1984 da ta ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor, da mutum 3 da aka harbe a 1985 kan ƙwaya da dokar da aka mayar da ita baya, duk a mulkin Janar Buhari ne, kuma a mulkinsa na farar hula ne hukumar binciken jihar Kaduna ta tabbatar da mutum 347 da aka binne a rami ɗaya bayan rikicin Zariya na Disamban 2015. Kisan da sojoji suka yi a Odi a 1999 da Zaki Biam a 2001 a mulkin Obasanjo ne. Muna tuna 15 ga Janairun 1966 da kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ya kuma kamata mu tuna, amma dubban Inyamurai da aka kashe a garuruwan Arewa a wannan shekarar, da na Asaba a 1967, ba kasafai ake ambatonsu a majalisa ba. Hukumar Oputa da ta binciki take haƙƙin ɗan Adam ta miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba. Haka yabon Gaddafi ba ya zuwa da zancen fursunoni kimanin 1,200 na kurkukun Abu Salim a 1996, yabon Saddam ba ya zuwa da Halabja, inda iskar guba ta kashe Kurdawa kusan 5,000 a 1988, Musulmi 'yan'uwansa. Mudun da ka auna wa Bajamushe, da shi zai auna maka, kuma yana da gaskiya.

Kai ma za a yi maka kuɗin goro. Da ka ce daga arewacin Najeriya kake, wani zai ce Boko Haram, wani ya ce damfara ta intanet. Ba baƙon abu ba ne, a gida ma mafarauta 16 'yan Arewa da aka kashe a Uromi a Maris 2025 wannan lissafin ne ya ci su, kuma shi ne muke yi wa kowane Bafulatani tun da 'yan bindiga suka addabi Batsari da Jibiya da Ƙanƙara, alhali rugage ma ana kora musu shanu. Amsar da ke aiki gajeruwa ce: ka faɗi sunan ƙungiyar, ka faɗi yankin, ka faɗi waɗanda aka fi kashewa. Boko Haram ta fi ƙarfi a Borno da Yobe, yawancin waɗanda ta kashe Musulmi ne, yaran makarantar Ƙanƙara su 344 da aka sace a Disamban 2020 'ya'yan jiharmu ne. Kada ka rama da "ku fa da kuka yi Hitler", don daga nan hira ta mutu, kai ne kuma za a riƙe da zagi. Zagi ma laifi ne a sashe na 185, ana kai ƙara a kansa ana ci.

A rubutun jami'a kuma maki ake ragewa kan wannan. "Turawa sun yi" ko "Larabawa su ne" ba ya wucewa wurin mai duba takarda. Yana son jin wace gwamnati, wane kwamanda, wace shekara, mutum nawa, wa ya ƙirga. In adadin ana jayayya a kansa, ka kawo mafi ƙanƙanta da mafi yawa tare. Kwatanta ta'asa da ta'asa halal ne a ilimi, malaman tarihi na yi, amma ka kwatanta don a gane yadda abin ya faru. In ka kawo Namibiya don ka nuna kisan Yahudawa miliyan 6 ba wani abu ba ne, ka bar fagen ilimi ka shiga sashe na 130.

In kai aka nuna wa wariya, a wurin aiki ko neman haya, ka rubuta rana da lokaci da shaidu nan take, ka adana saƙonni. Dokar daidaito ta ba ka wata 2 kacal ka gabatar da buƙatarka a rubuce, bayan nan ta wuce. Ƙungiyar ɗalibai da ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arka za su nuna maka inda ake ba da shawara kyauta.

In kuwa wasiƙar 'yan sanda ce ta zo maka a matsayin wanda ake tuhuma, kana da ikon yin shiru, kada ka je yin bayani da guntun Jamusancinka kafin ka ga lauya. Wani lokaci ba a ma kiran mutum kotu, sai dai ambulan mai ruwan ɗorawa ya iso ɗauke da hukuncin tara. Mako 2 gare ka daga ranar da aka rubuta a jikin ambulan ka shigar da ƙin amincewa, in ka bari ya wuce ya zama hukuncin kotu tabbatacce. Masu cewa a biya kawai a huta su ne ke gane kurensu ranar sabunta izinin zama. Tarar da kwanaki ake lissafa ta, kowace rana gwargwadon kuɗin shigarka na wata a raba 30, don haka adadin kwanakin za ka fara dubawa, ba jimillar kuɗin ba. Kafin ka tashi ka zauna ka bi tsofaffin rubuce-rubucenka na Facebook da hotunan da ka taɓa yaɗawa, ka goge na Hitler da tutocin nan, ka kuma fita daga zaurukan WhatsApp da ake jefo su.

A gaida su Baba da Inna, da mutanen majalisa baki ɗaya.