Amsa ga mai tambayar zuwa Gashaka a dogon hutu

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce kana son ka kwashi ƙannenka a dogon hutu ku je gandun dajin Gashaka Gumti ku kwana a tanti, ku hau dutse ku shiga kwale-kwale, kana tambaya ko lokacin ya dace. To ni dai na taɓa zuwa a watan Agusta tare da abokai, kuma shawarata a taƙaice ita ce ka bari sai rani, tsakanin Disamba da Maris.

Dogon hutunmu fa tsakiyar damina yake faɗowa, kuma daminar Gashaka ba irin ta Kano ko Katsina ba ce da za a yi ruwa da yamma gari ya waye tas. Can sai a wuni ana zuba shi. Mun tashi daga Jalingo muka bi ta Bali har Serti inda ofishin gandun dajin yake, nan ake biyan kuɗin shiga a haɗa ku da ma'aikacin daji mai rakiya, kuma kar ka ce za ka shiga ba shi wlh dajin nan shi ne gandu mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa. Daga Serti zuwa ƙauyen Gashaka kuwa sai an tsallake Mayo Kam, da rani ruwan ya ja baya, amma mu mun same shi ya cika ya batse ja wur, mota ba ta isa ba, dole muka sauke kaya aka haye da mu a kwale-kwale kaɗan-kaɗan. Mai jirgin ya ba ni filafili na ɗan gwada a gefe inda ruwan ba ƙarfi, jirgin sai juyawa yake a wuri ɗaya, shi kuwa yana ta dariya. Tsakiyar kogin ba wurin koyo ba ne, ga dorina a wasu gurabun. In ƙannen naka ba su iya ruwa ba ka nemo musu rigar ruwa tun daga gida.

Kwanan tanti kam akwai daɗi ba ƙarya, da asuba ka ji dajin ya ɗauka da kukan birai da tsuntsaye, can nesa wani lokaci biri mai ganga na buga gindin bishiya. Amma icce duk a jiƙe, hura wutar shayi kaɗai sai da muka sha hayaƙi, abin da ya cece mu kilishi ne da ƙuli-ƙuli da garin kwaki. Ka saka ashana da wayoyi cikin leda biyu. Ƙudan tsando na son kaya baƙi da shuɗi, ku sa masu haske masu dogon hannu, ga matsattsaku a hanya in ka cire safa sai ka ga jini.

Chappal Waddi, wanda ya fi kowane dutse tsayi a ƙasar nan, mita 2,419, ko kusa ba mu je ba, mai rakiyarmu ya ce a wannan santsin da hazon ba zai kai mu ba, tafiya ce ta kwanaki da 'yan dako. Tuddan kusa muka hau muka dawo gwiwoyi na rawa.

In kuma lallai sai a wannan hutun, gara ku nufi Yankari a Bauchi, hanya ta fi sauƙi, yara su yi iyo a ruwan ɗumi na Wikki, sai dai ku kula da gwaggon biri da ledar abinci. Duk inda kuka zaɓa ka fara kiran mutanen wajen ka ji yanayin tsaron hanya a satin da za ku tashi, kuma kada ku yi tafiyar dare.