Tambaya da Amsa: Wa zai karanta wasiƙar manomi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni manomin shinkafa ne a fadamar Suru jihar Kebbi, ina kuma ɗan koyarwa a firamare. Ambaliyar 2020 ta cinye muna gona, shinkafa ta fara ciki ruwa ya hau kanta, sai da na sai da maraƙina na biya bashin taki. Ina ji a rediyo wai hayaƙin manyan ƙasashe ne ke birkita yanayi, to mu mi munka yi? Ina son in rubuta ma jarida wasiƙa amma abokaina sun ce ɓarnar data ce kawai. Da amfani kuwa, kuma ta ina zan faro?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya mayar da alheri. Abokan naka ba su yi ƙarya duka ba, shugaban Amurka ba zai buɗe Aminiya ya ci karo da kai ba. Amma ɗan majalisarku fa? Manyan nan kusan kowa na da yaron da kullum safe yake bin jaridu yana duba inda aka ambaci oga, kuma abin da aka buga ya zauna kenan, ba kamar surutun majalisar mai shayi ba da ake tashi a bar shi nan.

Maganarka kuma tana da tushe. Afirka gaba ɗayanta hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. A 2009 a taron sauyin yanayi na duniya a Kofenhagen ƙasashe masu kuɗi sun yi alkawarin tallafa wa ƙasashe masu tasowa da dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, lokacin ya zo ba su cika ba, sai a 2022 a irin wannan taro a Masar aka amince da asusun biyan asara da ɓarnar da sauyin yanayi ke jawowa, shekarar da ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya. To amma don Allah kar ka zuba duk wannan a wasiƙa, ɗauki ɗaya ya isa.

Ka faro da gonarka, yadda ka faɗa min ɗin nan. Buhu nawa ka saba samu, nawa ka samu a shekarar, ina ruwa ya kai maka da ka shiga, gwiwa ko ƙirji, da maganar maraƙin nan wallahi kar ka cire ta, ita ce za ta tsayar da edita don dogon turancin sauyin yanayi ya gaji da shi, kowa kwafo shi yake daga intanet.

Sai ka nemi abu ɗaya tak daga wanda zai iya yi. Misali akwai asusun kula da muhalli da jihohi da ƙananan hukumomi ke samun kaso a ciki, ka tambaya nawa ya shigo kuma me aka yi da shi a fadama. Ko ka nemi a riƙa sanar da ku a rediyo da Hausa kafin a saki ruwan dam ɗin Goronyo, da hasashen damina na NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, tun kafin shuka. Akwai ma dokar sauyin yanayi da aka sa wa hannu a 2021, kana da damar tambayar ina ta kwana. Ni a ganina adalcin da muke nema a Turai sai mun fara nemansa a Birnin Kebbi da Abuja, in kuɗin sun zo ai ta nan za su bi.

Ban da zagi, ban da zargin da ba ka da hujja, edita zai jefar. Gajeruwa, wadda za a karanta kafin shayi ya huce, ka sa cikakken suna da garinku da lambar waya, in kana da hoton gonar cikin ruwa ka haɗa. Ba su buga ba ka sake turawa bayan sati biyu, ka kuma tura wa gidan rediyo, can ne ma manoman Suru za su ji.