Kada ka jingina da tallafin gwamnati shi kaɗai

Ƙanena, ka tambaya ko ka ajiye ɗinkin da kake koyo a Aboabo ka jira shirin gwamnati na marasa aiki. Wallahi kar ka ajiye.

Duba NABCO, shirin da gwamnatin Ghana ta kawo don ba matasa marasa aiki aikin wucin gadi. A 2018 aka ɗauki matasa 100,000, sidi 700 a wata. Kuɗin bai ƙaru ba, kaya kuwa kullum sai tsada. Daga baya alawus ɗin ya maƙale watanni, aka rufe shirin a 2022, da yawa suka koma gida hannu banza. Abin da ya fi ci mini rai, sai mai takardar babbar makaranta ake ɗauka, yaranmu na zango da suka tsaya a makarantar allo ko sakandare ba su cikin lissafi.

In YEA, hukumar samar wa matasa aiki, ta buɗe ɗaukar mutane, cike fom. Amma da safe ka je wurin maigidanka.